Ganyen Sakin Harshe

Asabar, hantsi

Da sunan Allah. Mai wannan rubutu shi ne Babban Likita, shugaban likitocin zuciya da na hanta da duk abin da ke tsakaninsu, wanda ya yi karatu a ƙasashen duniya har malamansa suka roƙe shi ya koma gida haka nan, littattafai sun ƙare. Manyan mutane na jere da motoci a ƙofata, amma na bar su, na tare a wani ɗan gida mai ɗaki uku da tsakar gida kamar tafin hannu, saboda akwai majinyacin da ya ba ni sha'awa.

Majinyacin shi ne babban ɗan gidan. Shi ke kula da ma'aikata a garejin da ake walda da gyaran tankunan manyan motoci. A unguwa Injiniya ake ce masa, shi kuma yana amsawa ba kunya. Tun ranar da abin ya faru a gareji ya dawo ba hula, da takalmi ƙafa ɗaya, ya shige ɗaki, bai sake leƙa titi ba. Ba ya ci. Hannunsa na rawa. Yakan sansana tafinsa, ya je ya wanke da sabulu, ya dawo ya sake sansanawa.

Sauran mutanen gidan: mahaifiyarsa, Inna. Ƙanwar marigayi mahaifinsa, Gwaggo, wadda ta iso da jakar saiwoyi ta ce ba ta tafiya sai ya miƙe. Sai ƙaninsa, wani saurayi kyakkyawa mai kaifin basira da ba a san darajarsa ba, ana ce masa Ƙuda. Majinyacin ne ya laƙa masa sunan, wai ba kwanon da ba ya faɗawa. Ɗaki ɗaya suke kwana. Na naɗa Ƙuda mataimakina.

Lahadi, bayan Azahar

Gwaggo ta baje kayanta a kan tabarma kamar mai cin kasuwa: citta, tafarnuwa, kanumfari, masoro, kurkum, busasshen zogale, na'a-na'a, da wata saiwa mai kama da yatsan tsoho, ta ce ta kwantar da gaba ce. Ta ce ciwon Injiniya ba na allura ba ne, firgita ce ta yi masa sheƙa a ƙirji, kuma firgita ba a korarta da tsawa, da romo ake lallashinta. Ni Likita na amince, dama abin da zan faɗa ke nan ta riga ni.

Aka zo kan wa zai dafa. Inna ta ɗauki tukunya, hawaye na ɗiga a ciki. Gwaggo ta fizge.

"Ajiye. Mai kuka ba ta dafa romon zuciya."

Ita kuma gwiwa ba ta barinta tsuguno. Sai ta waiga ta hangi Ƙuda yana ɗaura wa kyanwa gwangwani a wutsiya.

"Kai, marar zuciya, zo nan. Kai kaɗai ne abin bai taɓa ba a gidan nan. Riƙe ludayi."

Ga ƙa'idarta. Ƙashi mai ɓargo, a ɗora shi da ruwan sanyi, wuta kaɗan. Kumfar farko a kwashe a zubar. Kada ya yi tafasar hauka, sai dai ya riƙa motsi a hankali kamar ƙirjin jariri mai barci. Citta da tafarnuwa da wuri, kanumfari 'yan ƙwayoyi, kurkum har ruwan ya yi launin hantsi. Ganye kuwa sai an sauke, a zuba, a rufe, a bar shi ya shiga da kansa. Kuma da gawayi za a dafa, can ƙuryar tsakar gida, don majinyaci ba ya jure hucin risho ko warin kananzir.

Majinyaci ya sha cokali kaɗan. Rabi ya zube a riga.

Litinin, la'asar sakaliya

Mai gareji ya zo da ƙafafun saniya a leda, ya zauna a kujera ɗaya tilo da muke da ita, wato da suke da ita. Bai nemi ganin majinyaci ba. Da ƙarfi yake magana, don a ji daga ɗaki.

"Inna, a ciyar min da shi. Masu bincike za su yi zama, za su kira shi. Ina so ya tsaya a gabansu kamar turke, hannu ba rawa. Magana ɗaya zai faɗa: an wanke tanki, an cika shi da ruwa kamar kullum, sannan aka sa wuta. Sauran ikon Allah ne. In ya faɗi haka, ya dawo gida ya ci abincinsa. Wanda ya ƙara kalma a kan wannan, shi zai ɗauki kayan."

"In Allah ya yarda, ranka ya daɗe," in ji Inna. "Ai ɗana Babba ba mai yawan magana ba ne."

"An wanke, an cika da ruwa," ya sake faɗa yana sa takalmi. A bakin ƙofa ma ya maimaita, kamar yaron da ke tsoron kada karatun allonsa ya gudu kafin ya isa gaban Malam.

Ba wanda ya ambaci marigayi Dogo mai walda, da tankin ya fashe da shi, wanda yake cin abinci a gidan nan kowace Juma'a. Ni ma ban ambace shi ba.

Talata, da safe

Gwajin likita. Na sa Ƙuda ya laɓaɓa bayan majinyaci ya ƙyasta ashana.

Injiniya guda, mai gemu, wanda ya taɓa sa Ƙuda tsallen kwaɗo daga ƙofar gida zuwa famfo don ya taɓa masa rediyo, sai ga shi ya yi tsalle ya faɗa kan bokiti, ya rufe kai da hannu biyu yana cewa wayyo. An maimaita gwajin don a tabbatar. Sakamako bai canja ba.

Inna ta jefi mataimakina da takalmi. Ba ta same shi ba.

Laraba, azahar

Ya sha rabin kwano. Ƙuda ya sha ɓargo.

Juma'a, bayan La'asar

Abin mamaki, romon tsohuwar nan na aiki. Yau ya shanye kwano, ya buga ƙashi a gefen faranti ya tsotse. Ya yi barcin rana har da minshari. Hannun ya rage rawa.

To, lafiya ta fara dawowa, baki ma ya dawo. Maƙwabcinmu mai shago ya shigo gaisuwa, ya ce, "Wa ke wannan girki haka? Tun daga titi nake jin ƙamshi."

Majinyaci ya ce, "Jahilin gidanmu ne. Ashe yana da amfani. Allo ya ƙi shi, ludayi ya karɓe shi. Shekara da shekaru yana wanke allo, Malam ya gaji ya ce a zo a ɗauke shi kafin ya sa wa sauran yara ciwon."

Mai shago ya yi dariya. Gwaggo ta yi. Har Inna ta yi, karon farko tun ranar, ta rufe baki da mayafi tana hamdala.

Bara Ƙuda ya roƙe shi ya ɗauke shi koyon aiki a gareji. Ya ce ba ya ɗaukar wanda ba zai iya karanta lambar jikin sifana ba. Ya ɗauki ɗan mai shagon.

Ƙuda ma ya yi dariya. Ƙuda na da haƙuri.

Asabar, hantsi

Ƙuda ya kai masa kwano, ya tsuguna yana kallonsa yana sha.

"Yaya, ya yi daɗi?"

"Ba laifi."

"Ai dole. Ganyen nan wuyar samu gare shi."

"Wane ganye?"

"Au. Ba su gaya maka ba? To ban ce komai ba."

Ya damƙo wuyan rigar Ƙuda. Ƙarfin ya dawo kam, na shaida.

"Sake ni in faɗa. Ganyen sakin harshe ne. Gwaggo ce ta ce in riƙa zubawa a ɓoye, ko Inna ba ta sani ba. Wai abin da ke cikinka ne ke cin ka, sai ya fito za ka warke. Wanda ya sha, in ya yi barci, duk abin da ya binne sai ya zazzage shi tas. In ya taru a jiki ma, ko a farke."

"Ƙarya kake, Ƙuda."

"To ƙarya nake. Sha abinka."

Ya kalli kwano. Ya kalli Ƙuda. Ya ajiye cokali a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

Babu wani ganye mai wannan suna a duk littattafan da na karanta. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Lahadi, azahar

Kwano na fita wayam, Inna na godiya ga Allah. Kyanwa na lasar baki.

Talata, la'asar

Kyanwa ta yi ƙiba har ba ta iya hawa katanga. Na zauna kusa da ita tana barci ko za ta faɗi wanda ya sace kifin mai shago. Shiru. Wataƙila ita cikinta da gaskiya.

Majinyaci ba ya cin komai da ya fito daga tukunya. Burodi kawai, shi ma sai ya ga an ɓare ledar a gabansa. Ruwa da kansa yake tara a famfo. Ba ya kwanciya, sai ya jingina da bango. In gyangyaɗi ya ci ƙarfinsa, sai ya ɗauki tsohon tawul ya ɗaure bakinsa ta ƙeya kamar jakin da ake hana cin hatsi. Da safe na ga sawun ƙullin a kumatunsa.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. A banɗaki na yi, don kada a ji.

Alhamis, bayan Azahar

Inna ta kama kyanwa da kai a cikin kwano. An yi kuka. Yanzu Gwaggo ce ke kai romon da kanta, tana jan ƙafa, ta zauna a gabansa da cokali.

"Haɗiye, ɗan ɗan'uwana. Ubanka ma da hannun nan na ba shi a ciwonsa."

Ya kau da kai. "Gwaggo, me na yi miki?"

"Me ka yi min kuma? Ikon Allah. Ni da na bar gidana saboda kai?"

Ta fito ta ɗanɗani tukunya, ta sansana ludayi, ta sa Ƙuda ya nuna mata yadda yake kwashe kumfa. Ba ta ga aibu ba. Ta ce to firgitar ce ta yi saiwa, a ƙara citta, a ƙara zogale. Aka ƙara.

Juma'a, hantsi

Yau ba a girka da yawa ba. Da can Juma'a akan ƙara hannu ɗaya a tukunya.

Asabar, tsakar rana

Barci ɓarawo ne. Ya sace shi a zaune, tawul ya zame. Da ya farka sai ya ga Ƙuda a gabansa, ya yi tagumi, yana kallonsa da idon tausayi.

"Me na ce?"

"Ba komai, Yaya."

"Ƙuda, don darajar Allah. Me na ce?"

"Ni fa ban ji sosai ba. Ka ce, Dogo, kunna kawai. Sai ka ce, yamma ta yi, mai mota na jira, wane ruwa kuma."

Wallahi ko tari bai yi ba a barcin nan. Ƙuda ne ya haɗa. Duk yaron da ya taɓa wucewa ta gareji ya san ba a sa wuta a tankin mai sai an cika shi da ruwa, kuma mutum ba ya maimaita magana har bakin ƙofa sai in maganar na ɗingishi. Jifa ce a duhu. Na zaci zai kai duka, na ma ɗaga hannu na kare fuska. Wato Ƙuda ya ɗaga.

Bai doka ba. Leɓensa ya yi fari kamar an shafa toka.

"Inna ta ji?"

"Ban sani ba. Tana shanya a bakin taga."

Ba ta gida ma. Ta tafi kai niƙa.

Lahadi, da safe

Bai runtsa ba. Ni ma ban yi wani barcin kirki ba, numfashinsa ya dame ni.

Litinin, la'asar

Wata 'yar yarinya ta yi sallama, ba za ta wuce shekarun shiga makaranta ba. 'Yar Dogo ce.

"Wai in ji mamata, a ba ni tabaraun walda na babana, ƙaninsa zai fara aiki da shi."

Inna ta shige ɗaki ba ta fito ba. Gwaggo ta tayar da nafila. Tabaraun yana cikin buhun da yaran gareji suka kawo, a ƙarƙashin gadon Yaya, na majinyaci. Ƙuda ya janyo buhun a gabansa, ya zaro, ya goge da riga.

Ga romon rana a ajiye ba a taɓa ba. Zubar da abinci haramun ne. Ƙuda ya zaunar da yarinyar a bakin ƙofar ɗakin, ya ɗage labule don iska ta shiga, ya ba ta kwano. Ta sha kamar wadda ta kwana biyu ba ta ga tukunya a wuta ba. Ta rataya tabaraun a wuya, tana tsotsar ƙashi, sai ta hango shi a jikin bango.

"Lah, Injiniya! Ina wuni? Babana ya ce kai ka fi kowa kirki a gareji."

Ya amsa da kai.

"Ba ka da lafiya? Ka sha wannan, akwai daɗi."

Da ta tafi na sauke labule. Ban leƙa ba sai da aka kira Magariba.

Talata, azahar

Ya kira Ƙuda da murya ƙasa-ƙasa. Ba Ƙuda ya ce ba, ba jahili ba.

"Ƙanina. Yunwa nake ji. Ka dafa min ɗan kaɗan a gefe, wanda ba ganye. Kada Gwaggo ta gani."

"Kai, Yaya, wannan kasada ce. In ta kama ni fa?"

"Me kake so?"

"Ce min Malam."

"Malam."

"Malam wa?"

"Malam Babba."

"Takalmina ya yi datti."

Ya wanke. Da hannun nan mai rawa, a bokitin ɗaki, har ƙasan. Ƙuda ya ɗibo masa daga tukunyar kullum a wani kwano dabam. Ya sha kamar mai buɗa baki, hawaye na zuba, yana Allah ya yi maka albarka. Sai da ya suɗe kwanon, sannan Ƙuda ya dafe kai.

"Af! Ludayi ɗaya na yi amfani da shi."

Majinyaci ya fita da gudu ya sa yatsa a maƙogwaro a bakin magudana. Inna na riƙe da goshinsa tana salati.

Wannan ba ta ba ni dariya yadda na zata ba. Na rubuta ne don ilimi.

Laraba, hantsi

Gobe zan gaya masa.

Alhamis, hantsi

Gobe.

Asabar, bayan La'asar

Mai gareji ya dawo, yau har cikin ɗaki. Ya ce a gwada.

"Ni ne mai tambaya. Injiniya, an wanke tankin?"

"An... an wanke."

"Ɗaga kai! An cika shi da me?"

Injiniya ya ƙara sunkuyar da kai. Wandon ma hannu ya sa ya riƙe, bel ya daina kama shi.

"Da me, na ce!"

Bakin na motsi, ba sauti, kamar kifi a kan yashi.

Mai gareji ya fito yana huci. "Inna, ƙasusuwan da nake kawowa ina suke zuwa? Na ce a gina min shi, an mai da shi tsinke. Litinin ne zaman. In ya tsaya haka a gabansu, ko bai yi magana ba fuskarsa ta yi. Ni dai na fita haƙƙinku. In ya ɓata, ban san shi ba."

Inna ta durƙusa masa. Uwata, da furfurarta, a kan siminti, tana ranka ya daɗe a yi haƙuri. Kyanwa ta zo ta goga jiki a ƙafarsa, sai sheƙi take yi.

Lahadi, kafin Magariba

Ina fifita gawayi sai na ji mutum ya tsuguna a gefena. Yaya ne. Shi da ko ashana ba ya jurewa, ga shi dab da garwashi, yana kallon tukunya.

"Ƙuda, ganyen nan. Ka ce a farke ma yana aiki?"

"In an sha da yawa."

"Akwai saura?"

"Akwai."

"Gobe da asuba ka dafa min. Ka zuba duka, kada ka rage."

Na daina fifita.

"Na gwada da bakina," ya ce. "Na gwada a gaban bango, na gwada a sujada. Harshen ba ya ɗaguwa. In na tsaya a gabansu, ko karatun mai gareji ya fito, ko kuma ba abin da zai fito. Yarinyar nan da tabarau a wuya, in na rufe ido ita nake gani. Na gaji. Gwaggo ta fi ni gaskiya. Ka taimake ni, ƙanina."

Nan ne wurin. Na sani. Kalma uku ce ko huɗu. Amma in na faɗa, sai in faɗi na ashana, da na barci, da na ludayi, kuma Inna na zaune ba nisa tana tsince zogale. Sannan tun da aka haife ni bai taɓa tsugunawa a gefena ya nemi abu a hannuna ba.

Na ce, "To."

Ya ce in nuna masa. Na zaga baya na tsinko busasshen ganyen gwaiba, na murje da na'a-na'ar Gwaggo, na ƙulle a baƙar leda. Ya sansana, ya gyaɗa kai.

"Shi ne. Na san warin."

Litinin, hantsi

Na kwashe kumfa yadda aka koya min. Wuta kaɗan. Ban taɓa dafa mai kyau irin na yau ba. Na sauke, na zuba a kan idonsa har saman ruwan ya rufe, na hana shi ƙarawa don kada ya yi ɗaci.

Ya shanye tukunyar. Ya kankare gindinta da cokali. Inna ta rungume Gwaggo tana Allah ya saka miki, Allah ya bar zumunci. Ta goge masa farar riga, ta huda sabon rami a bel. Ya ɗaga hannu ya duba. Ko gezau.

Motar mai gareji ta yi hon. A bakin ƙofa Yaya ya dafa kaina.

Litinin, bayan Magariba

Motar ba ta dawo ta nan ba. Mai shago ne ya shigo, da agogon Yaya da bel ɗinsa a leda. Ya ce Yaya ya yi magana har sai da aka ce masa ya isa haka. Ya ce ya faɗi nasa, ya faɗi na wasu, amma nasa kaɗai aka rubuta da kyau. An tsare shi.

Mai gareji yana gidansa. An ga ana shiga da abinci.

Talata

Ba a hura wuta ba.

Alhamis, la'asar

An bar Inna ta gan shi. Ta dawo ba ta cire mayafi ba, ta tsaya a kan Gwaggo.

"Ya ce in yi miki godiya."

"Godiyar me?"

"Ta ganyen da kika sa a riƙa zuba masa a ɓoye. Ya ce ya yi aiki, kuma ya yi barci. Ke! Na ba ki ɗaki, na ba ki tukunyata, ashe bakin ɗana kika zo buɗewa? Wa ya aiko ki? Matar Dogo?"

Gwaggo ta juyo gare ni. "Wane ganye, Ƙuda?"

Na ce, "Ni abin da aka ba ni nake zubawa."

Ta baje jakarta a ƙasa, tana ɗaga kowane ƙulli tana faɗin sunansa. Ta yi alwala ta dafa Alƙur'ani. Inna ta juyo ta ce ni ma in rantse. Na ce wallahi ban zuba abin da zai cuce shi ba. Ban dafa Alƙur'anin ba, ba a kuma lura ba.

Inna ta ce, "Gidan ɗan'uwanki ne, ba zan kore ki ba. Amma ba na son in sake ganin hannunki a kwanona."

Juma'a, da safe

Ni na ɗaukar wa Gwaggo jaka zuwa tasha. Tafiyar da ba ta da nisa, amma sai mun tsaya ta huta gwiwa. Ta shiga mota ta zauna. Sai ta leƙo ta taga ta daɗe tana kallona, ta miƙo min ƙullin citta da na zogale.

"An ce ana barin a kai musu abinci. Ka riƙa kai masa. Wuta kaɗan, ka ji ko?"

Da ma zagina ta yi.

Lahadi, azahar

Inna na share ƙuryar girki ta tsinci baƙar ledar a bayan buhun gawayi, da ragowar da na hana a ƙara. Ba ta tambaye ni ba. Jiya ta hura wuta da kanta, ta ɗora ƙashin da ya rage, ta juye ledar duka. Ta ajiye kwano a gabana.

"Sha."

"Inna, na ƙoshi."

"Sha, na ce. Ta rantse, kai ma ka rantse. Ɗayanku ya yi min ƙarya. Abin da ya buɗe bakin Babba zai buɗe naka."

Na sha. Ta ƙara. Na sha. Ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar ɗakinmu, ta zauna da carbi.

To, a daina wasa. Ba wani likita da ya taɓa taka gidan nan, babba ko ƙarami. Ban je ƙasar kowa ba, iyakata tasha. Allo kaɗai na riƙe a duniya, shi ma Malam ne ya gaji kafin ni. Ni ne Ƙuda, ƙanin Injiniya, autan Inna, ni nake wannan rubutu tun daga bisimilla.

Ganyen gwaiba ne da na'a-na'a. Ni na tsinko, ni na murje, ni na raɗa masa suna. Duk duniya ba wanda ya fi ni sanin ba ya komai. Amma tun jiya ban yarda na kwanta ba. Ina zaune a jikin bango ina rubutu don kada ido ya rufe, tawada ta kusa ƙarewa, layukan sun fara hawa kan juna.

Yanzu ta ɗaga labule.

"Kwanta mana, auta. Ba inda za ni."